BABI NA HUƊU: ZANEN BAKIN RUWA DA ALLON KWAMFUTA A ƘASAR GUMEL

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zane-zanen gargajiya da ake samu a ƙasar Gumel, kamar zanen ƙwarya da adon bango da zayyanar allo da ɗinkin hula. A wannan babi kuwa za a dubi wani baƙon nau'in zane ne wanda zamani ya zo da shi, wato mutum ya ɗauki allon kwamfuta ya tafi bakin tabki ko bakin kogi, ya zauna ya zana abin da idonsa ya gani a wurin, ba tare da ya koma ɗaki ya ƙago wani abu da ka ba. Abin da ake nufi da allon kwamfuta shi ne ƙaramar kwamfutar nan mai faɗi marar madannai, wadda ake shafa fuskarta da yatsa ko da wani alƙalami na musamman. An zaɓi a kira ta da wannan suna ne saboda kamanninta da allon karatu, ta fuskar girma da yadda ake ɗora ta a cinya, da kuma yadda ake rubutu a kanta a goge a sake wani.

Mai karatu yana iya tambayar abin da zai kai mutum zanen ruwa a ƙasar da ba ta da kogi. Amsar da wannan babi zai yi ƙoƙarin kafawa ita ce, rashin daɗewar ruwan shi ne babban dalilin zana shi. Ruwan ƙasar Gumel baƙo ne, yana zuwa da damina ya tafi da rani, saboda haka zanen da aka yi a gabansa yana iya zama shaida a kan inda ya kai da kuma yadda yake a ranar da aka gan shi. Allon kwamfuta ya sauƙaƙa ɗaukar wannan shaida, amma kuma ya sauƙaƙa gurɓata ta, kamar yadda za a gani.

4.1 Ruwan da ake da shi a ƙasar Gumel

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma tana arewacin Jihar Jigawa wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1991. Ta arewa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, babu duwatsu, sai jigayi da kwaruruka marasa zurfi a tsakaninsu. Babu wani babban kogi mai gudu rani da damina da ya ratsa ta. Damina takan kankama ne daga watan Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba.

Saboda haka idan aka ce bakin ruwa a wannan ƙasa, galibi ana nufin tabki ne, wato kwarin da ruwan sama ya taru a cikinsa, ko kuwa kududdufi, wato ramin da aka haƙa a gefen gari aka ɗebi ƙasar gini har ya zama matattarar ruwa. Wasu tabkunan ba su wuce wata biyu bayan ɗaukewar ruwa, wasu kuwa sukan kai tsakiyar ɗari kafin su zama taɓo, daga nan su tsattsage. A bakinsu ne makiyaya suke shayar da dabbobi, masu bulo suke kwaɓa, mata da yara suke wanki, haka nan fataken dabbobi masu nufin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis sukan ratse da garkensu.

Wanda yake son ganin kogi sosai sai ya fita daga masarautar, ya yi kudu zuwa wajen Ringim ko ya yi gabas zuwa Haɗeja. Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, ya bi ta Wudil da ƙasar Ringim ya isa Haɗeja, inda ya rarrabu ya malale cikin fadamun da suka miƙa har Nguru. Daga ƙarshe ruwansa da na kogin Jama'are su ne suke zama kogin Yobe mai zuba a Tabkin Chadi. Za a komo kan wannan kogi a ƙarshen babi.

4.2 Asalin zane a fili

Zanen gargajiya na Bahaushe bai damu da kwaikwayon shimfiɗar ƙasa ba. Mai zanen ƙwarya da magini da mai zayyana duk suna aiki ne da layuka da kusurwoyi da dagi da aska da makamantansu, kuma ko sun kawo wata halitta, sukan sauya ta har ta zama ado. A Jihar Jigawa akwai tsofaffin zane-zane a jikin duwatsun Birnin Kudu, waɗanda masana suka fara nazari a shekarun 1950, amma su ma shanu ne suka fi yawa a cikinsu, ba a zana filin da shanun suke kiwo ba. Inda ake ganin kogi da bishiya da faɗuwar rana a zanen Hausawa na baya-bayan nan shi ne a jikin manyan motoci da bangon shagunan aski da na masu shayi, su kuwa daga ka ake yin su ko daga kalanda.

Ta fuskar addini, zanen ruwa da itatuwa ba ya cikin abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar sura da cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ya sa zanen bakin ruwa yana da ƙofar shiga a wurin jama'ar da take ƙyamar zanen fuskar mutum.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka sani sun yi zane a fili a ƙasar Hausa shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim. A farkon shekarar 1851 ya hau dutsen Dala ya zana birnin Kano, sa'an nan a watan Maris na shekarar ya sauka a Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, a lokacin da Gumel take bin Barno, har ya yi bayanin cinikin kanwa a kasuwarta. Ya sake biyowa ta garin a shekarar 1854. Abin lura a nan shi ne, hotunan da suka fito a littattafansa biyar na shekarun 1857 da 1858 ba su ne ainihin abin da ya zana da hannunsa ba. Wani mai zane ne, Johann Martin Bernatz, ya karɓi zane-zanen Barth ya sake su domin ɗab'i, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan tun a wancan lokaci akwai tazara tsakanin abin da aka gani a fili da abin da ya isa hannun mai karatu, kuma mai nazarin tarihi dole ya riƙa tuna wannan idan yana duban hotunan.

A Turai kuwa, abin da ya fitar da masu zane daga ɗaki kayan aiki ne. Kafin shekarar 1841 akan adana fenti ne a cikin mafitsarar dabba, wadda take fashewa ko ta bar fentin ya bushe. A wannan shekara wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun dalma mai murfi wanda ake matsawa fenti ya fito. Daga nan ɗaukar kaya zuwa daji ya yi sauƙi. A Faransa, Charles-François Daubigny ya mayar da wani kwalekwale ɗakin zane a shekarar 1857 yana bin kogi da shi, Claude Monet ya yi koyi da shi a kogin Sen a shekarun 1870. Wannan salo ya iso Nijeriya ta hanyar makarantun boko, musamman sashen koyar da zane na Zariya wanda ya kafu tun a shekarun 1950, kafin ya zama ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962.

Allon kwamfuta ya maimaita abin da bututun fenti ya yi ne. Kamfanin Apple ya fitar da iPad a shekarar 2010, kuma a shekarar da ta biyo baya wani dattijon mai zane na Ingila, David Hockney, ya riƙa komawa wata hanyar ƙauye mai suna Woldgate a gabashin Yokshaya, daga tsakiyar sanyi har shigowar zafi, yana zana ta a kan wannan allo. An baje zane 51 daga cikinsu a Landan a shekarar 2012, kowanne da kwanan watan da aka yi shi. Ya sake irin wannan aiki a Nomandi ta Faransa a shekarar 2020, daga baya aka baje zane 116 daga cikinsa. Darasin da ke cikin aikinsa ga ƙasar Gumel shi ne komawa wuri guda sau da yawa da kuma rubuta rana, domin kuwa idan itatuwan Ingila suna canja kama a cikin wata biyar, tabkin ƙasar Gumel ɓacewa yake yi ɗungurungum.

4.3 Yadda allon yake aiki

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai allon kansa, da alƙalaminsa, da manhajar zane, da kuma batirin tafi-da-gidanka. Alƙalamin kirki yana jin nauyin hannu, wato idan aka danna layi ya yi kauri, idan aka sassauta ya sirance, kamar yadda alƙalamin kara yake yi a hannun mai zayyana. Apple ya fitar da nasa alƙalamin a shekarar 2015, wasu allunan Samsung kuma da nasu suke zuwa. Daga cikin manhajojin da aka fi sani akwai Procreate, wadda wani kamfani a Ostareliya ya fitar a shekarar 2011, sai dai a kayan Apple kawai take aiki. Akwai wasu na kyauta da suke aiki a wayoyin Android, kuma tun da yake waya ta fi allo yawa a hannun matasa, da ita mafi yawan masu sha'awa za su fara.

Abu biyu ne suka raba wannan allo da takarda. Na farko shi ne falle. Manhajar tana ba mai zane damar ya jera fallaye kamar gilasai, ɗaya a kan ɗaya, ya sa sama a na ƙasa, ruwa a na bisansa, itatuwa a na gaba, ta yadda zai gyara guda ba tare da ya taɓa sauran ba. Na biyu shi ne soke kuskure, wato a taɓa wuri guda layin da aka ja ya ɓace kamar ba a yi ba. Almajirin da ya ɓata rubutu sai ya wanke allo ya jira ya bushe, wannan kuwa babu jira. Bugu da ƙari, manhajoji da yawa suna ajiye ranar da aka fara zane, wasu ma suna naɗar yadda aka ja kowane layi daga farko har ƙarshe.

4.4 Zama a bakin tabki

Waɗanda suka ƙera allon ba su yi shi domin ranar ƙasar Gumel ba. Kamfanin Apple ya faɗa cewa a yi amfani da iPad a inda zafi bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Idan allon ya ɗau zafi sai ya rage haskensa da kansa, ya daina caji, wani lokaci ya tsaya cak sai ya huce. Ko da babu zafi, fuskar allo fitila ce, fitila kuwa ba ta da tasiri a tsakar rana. Mai zane yakan ga launukansa sun dusashe, sai ya ƙara musu ƙarfi domin ya gan su, in ya koma ɗaki ya tarar da kore ya yi kore fiye da kima, ja ya yi ja kamar na atamfa. Maganin wannan shi ne a yi aiki daga bayan asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar zuwa gab da magariba, kuma a zauna a inuwar bagaruwa ko darbejiya, a juya wa rana gefe. Da hunturu kuma ƙura ce matsala, domin ƙwayar rairayi guda da ta maƙale a bakin alƙalami tana iya karce gilashin.

Matsalar da ta fi waɗannan girma ba ta allo ba ce, ta ƙasar ce. Barth ya sami Dala ya hau, amma a ƙasar Gumel babu Dala. Mutumin da yake zaune a ƙasa a bakin tabki yana ganin ruwan ne daga gefe, saboda haka tabkin da yake da faɗi sosai sai ya bayyana kamar siririn ƙyalle da aka shimfiɗa. Sabon mai zane ya san cewa tabkin kewayayye ne, sai hannunsa ya bi abin da ya sani ya bar abin da ya gani, ya zana shi kamar faifai, wato kamar yadda shaho zai gan shi daga sama. Hanyar kauce wa wannan ita ce a miƙa alƙalami a gaban ido a auna tsawon ruwan daga gaɓar kusa zuwa ta nesa, sa'an nan a gwada da tsayin wata bishiya da take tsallake. Sau da yawa za a tarar bishiyar ta fi duk faɗin ruwan tsayi a ido. Wanda yake son ganin siffar tabkin sosai sai ya nemi tudun jigawa ko ya hau amalanke.

Tun da ƙasa a kwance take, abubuwan da suke tsaye su ne suke riƙe zane, kuma su ne suke nuna nisa: giginya da goriba da kuka da gawo, ko raƙumi, ko mutum da sanda a kafaɗa. Haka nan sama takan cinye kashi biyu cikin uku na allon, musamman da damina idan hadari ya taso daga gabas. A irin wannan lokaci ne allon kwamfuta yake nuna fifikonsa a kan fentin ruwa, domin hadari ba ya jiran fenti ya bushe. A cikin minti goma gajimare zai sauya siffa sau da yawa, mai allo kuwa yana iya shafe rabin sama da launi guda a jan hannu ɗaya.

Itatuwa da tsuntsaye su ne kalandar zane, kuma da su ne manomi zai gane ko mai zanen ya zauna a wurin ko bai zauna ba. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina ya yi sabo da rani, saɓanin kuka wadda take cika da ganye da damina ta tsaya tsirara da rani. Saboda haka zanen da ya nuna tabki cike a tsakiyar Agusta da gawo kore shar a bakinsa ya tona asirin kansa. Shamuwa tana zuwa da farkon damina ta tafi idan ruwa ya ɗauke. Balbela tana bin shanu kowane lokaci. Bado da kainuwa ba sa rufe ruwa sai ya kwana biyu da taruwa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san waɗannan abubuwa tun yana yaro, kuma wannan sani ya fi tsadar allo amfani.

Akwai kuma ladabin wuri. Bakin tabki ba kango ba ne, yana da masu shi. Ya kamata baƙo ya fara gaida mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuma kauce wa gefen da mata suke wanki ko wanka. A garuruwan kan iyaka kamar Maigatari, mutumin da ya zauna da na'ura yana duban wuri yana rubutu zai jawo tambaya, gara ya riga mai tambaya bayani. Yara kam za su taru ko an so ko ba a so ba, kuma sukan yi amfani, domin su ne za su ce, "Malam, ai ka manta da turken can."

4.5 Launin ruwa

A nan ne nazarin harshe yake da abin cewa. Kalmomin launi na asali a Hausa ba su da yawa: fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, sai irin su tsanwa da algashi. Sauran launuka kuwa da kalmar ruwa ake gina su, a ce ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan makuba, ruwan bula. Wato a bakin Bahaushe ruwa ba shi da launin kansa, yana ɗaukar launin abin da aka jiƙa a cikinsa ne. Wannan fahimta ta fi kusa da gaskiyar abin da ido yake gani fiye da abin da ɗan firamare yake koya, cewa ruwa shuɗi ne. Shuɗin ruwa na littafin makaranta na teku ne da na ƙasashen da ruwansu yake gudu a kan dutse.

Ruwan tabki a ƙasar Gumel yana da launi biyu a lokaci guda, kuma dalilin haka a fili yake. Idan mutum ya dubi ruwan da yake kusa da ƙafarsa, wato daga sama, yana ganin abin da ke cikin ruwan ne, laka ko gansakuka. Idan kuwa ya dubi na nesa, inda ganinsa yake kwance da fuskar ruwan, sai ruwan ya zama madubi ya nuna masa sama. Saboda haka gaɓar kusa takan zama ruwan ƙasa, ta nesa kuma ta ɗauki launin sararin wannan sa'a. Bayan ruwan farko tabki yakan yi ja kamar kunun kanwa saboda ƙasar da ruwa ya kwaso. Da kaka laka ta kwanta, gansakuka ta fito, sai ya koma tsanwa-tsanwa. Da hunturu kuwa, idan hazo ya rufe sama, ruwan nesa fari ne fat, har ba a rarrabe inda ya ƙare da inda sama ta fara, itatuwan tsallake kuma su zama ruwan toka tun daga ɗan taƙi kaɗan.

Manhajar zane ba ta san ruwan makuba ko ruwan ɗorawa ba. Tana kawo da'irar launuka ne, ko jerin da aka shirya a wata ƙasa, kuma launukan da suka fi jan ido a cikinsu su ne waɗanda babu su a bakin tabki. Abin da ya fi dacewa shi ne mai zane ya haɗa nasa jerin tun a gida, launi goma ko goma sha biyu, ya raɗa musu sunayen Hausa, ya ajiye na damina daban na hunturu daban. Akwai dabarar da wasu suke yi ta ɗaukar hoton wurin su sa manhaja ta tsamo launi daga cikinsa. Tana da sauri, amma kyamara tana gyara haske da kanta, hazo kuma yana ruɗa ta, sai ta ƙara wa sama shuɗin da babu shi.

4.6 Zane a matsayin shaida

Kogin Haɗeja misali ne na yadda fuskar ruwa take sauyawa a cikin rayuwar mutum guda. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a shekarar 1974, ta Challawa kuma a shekarar 1992. Kafin su, kogin yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya ja baya da rani ya bar rairayi da fadamun noma. Bayan su sai ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudu kaɗan-kaɗan har da rani. Wannan ya ba ciyawar kacalla damar kafuwa, ta toshe hanyoyin ruwa da dama a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a saba ba, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya ƙara nasa, sa'an nan ambaliyar shekarun 2020 da 2022 ta cinye gonaki da gidaje a sassa da dama na jihar. A cikin waɗannan fadamu ne dajin Baturiya yake, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2008, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka da ɗari.

Dattijo a Haɗeja zai iya nuna wurin da yake kamun kifi yana yaro wanda yau kacalla ce, amma ba shi da abin nunawa sai bakinsa. Haka abin yake a garuruwan ƙasar Gumel dangane da kududdufai, waɗanda ake cikewa da shara a yanka filaye a kansu kamar yadda ake yi a sauran garuruwan Hausa, daga baya ruwan da ya rasa masauki ya shiga gidaje. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Hoton tauraron ɗan Adam yana nuna faɗin ruwa daga sama, amma ba ya nuna cewa ruwan ya kai gindin wace kuka, ko ta wace gaɓa shanu suke sauka. Hoton waya yana ɗaukar komai ba zaɓi. Mai zane kuwa yakan shafe sa'a guda yana duban wuri ɗaya, yana tambayar sunan abin da ya gani, kuma yana iya rubuta sunan a jikin zanen.

Sai dai wannan shaida tana da rauni irin na hotunan Barth, har ma fiye. A wancan lokaci sai da zane ya bi ta hannun mutum na biyu kafin ya sauya, yanzu kuwa mai zanen da kansa ne yake zama Bernatz idan ya koma ɗaki. Tun da sama tana falle guda, ruwa yana wani, babu abin da zai hana shi ɗauke hazo ya sa shuɗin sama, ko ya goge tarin leda da yake gaɓa, ko ya ƙara giginya uku domin zanen ya samu masu yabo a Facebook. Fentin ruwa yana barin tabo idan aka yi masa haka, allon kwamfuta ba ya bari. Ba laifi ba ne mutum ya ƙawata zanensa, laifin shi ne a gabatar da ƙawataccen a matsayin abin da aka gani. Saboda haka ya kamata a ajiye zanen fili yadda aka tashi da shi daga bakin ruwa, a yi kwafi daban domin ado. A jikin na filin a rubuta sunan tabkin kamar yadda mutanen wurin suke kiransa, da sunan ƙauye, da rana da sa'a, da gefen da aka fuskanta, da kuma wata alama marar motsi da aka zauna kusa da ita, kamar rijiya ko kuka, domin wani ya iya zama a daidai wurin bayan shekara goma. Zane huɗu na tabki guda, a Yuli da Satumba da Disamba da Maris, sun fi zane arba'in na wurare daban-daban amfani ga mai bincike.

Saura batun ajiya. Littattafan Barth sun haura shekara 160 ana buɗa su, zanen da yake cikin allo kuwa yana iya tafiya tare da allon ranar da ya faɗa ruwa ko aka sace shi, kuma fayil ɗin da wata manhaja ta ajiye ba lalle ne wata ta iya buɗe shi ba. Don haka a fitar da kowane zane a matsayin hoto na gama-gari, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, a kuma buga shi a takarda mai kauri a kai ɗakin karatu, kamar na Kwalejin Ilimi ta Gumel. Idan an buga, a sa shi cikin fayil a rufe, domin tawadar injinan buga hoto na kasuwa tana koɗewa idan aka rataye takardar a inda rana take dukanta.